Bakwaini a Kan Iska: Tambayoyin da Iyaye Suke Tare Ni da Su a Ɗakin Jarirai

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Damagaram, kuma yawancin shekarun aikina a ɗakin jarirai na yi su, inda ake kwantar da bakwaini da sauran ƴan ƙananan da suka zo duniya numfashi bai zauna musu ba. Masu jego da kakanni da iyaye maza sukan tare ni a bakin ƙofa da tambaya, wani lokaci ƙarfe biyu na dare, ni kuma in amsa a tsaitsaye saboda wani gadon yana kirana. Hakan ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na zauna na rubuta amsoshin a natse. Abu ɗaya kawai zan roƙa: idan abin da likitan ɗanki ya rubuta ya saɓa da wata lamba da kika gani a nan, nasa ake bi, domin shi ya ga yaron.

Madam, mece ce wannan ƴar jar fitilar da kuka ɗaura masa a ƙafa? Jininsa take ja?

Ba ta jan jini, ba ta huda fata, babu allura a cikinta. Haske ne kawai. A gefe ɗaya na ƴar robar akwai fitila mai fitar da haske iri biyu, jan da kike gani da wani wanda idon mutum ba ya iya gani. A ɗaya gefen akwai abin da ke karɓar hasken bayan ya ratsa tafin ƙafar. Jinin da ya ƙoshi da oksijin, wato sinadarin iskar da jiki ke rayuwa da shi, jajur yake, wanda ya rasa kuwa yakan yi duhu, kuma kowannensu da yadda yake shanye hasken nan biyu. Da wannan bambancin na'urar take yin lissafinta a kowane bugun zuciya. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Kafin ta yaɗu, yawanci sai an ɗebi jinin jariri kafin a san halin da yake ciki, alhali jinin bakwaini gaba ɗayansa bai kai cikin kofin shayi biyu ba.

Abin da za ta iya yi masa shi ne tabo, idan an ɗaure ta da ƙarfi ko an bar ta wuri ɗaya ta kwana ta wuni. Fatar bakwaini kamar ɓawon albasa take. Don haka muke canza mata wuri bayan ƴan awoyi, daga wannan ƙafa zuwa waccan, ko zuwa hannu. Idan kika ga tun safe ba a taɓa ta ba, ki tuna mana, ba laifi ba ne.

Lambobi biyu nake gani a allon. Wace ce ta iska?

Wadda ba ta taɓa wuce 100 ita ce ta iska. Mu ma'aikata muna ce mata satirasiyon. Ma'anarta: a cikin kowane mazauni 100 da jini yake da shi na ɗaukar oksijin, nawa ne suka cika. Ɗayar kuwa bugun zuciya ce a minti ɗaya, kuma ga jariri 120 zuwa 160 ba abin tsoro ba ne. Na sha ganin uba ya ga 150 ya ɗauka zuciyar ɗansa za ta fashe, saboda ya san tasa 70 take yi.

To lamba nawa ake so ta tsaya?

Ga bakwainin da ake ba iska, yawancin ɗakunan jarirai a yau suna neman ta zauna tsakanin 90 da 95. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan ba yara oksijin ya ce wanda aka haifa kafin sati 32 a riƙe shi tsakanin 88 da 95. Kin ga ana ɗan saɓawa a kan ƙasan, amma kan 95 na sama bakinsu ɗaya.

Mintocin farko na haihuwa daban suke. Jariri lafiyayye ma yakan fara da wajen 60 zuwa 65 a minti na farko, ya kai 80 zuwa 85 a minti na biyar, sai wajen minti goma ya haura sama da haka. A lokacin a hannun dama ake ɗaura na'urar, kuma ba a gaggawar cika shi da iska don lambar ta tashi.

Me ya sa kuke rage iskar idan ta nuna 99 ko 100? Ashe ba 100 ce cikakkiyar lafiya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami, don haka ki yi haƙuri in daɗe a kanta.

Oksijin magani ne. Kamar kowane magani yana da awo, kuma idan ya zarce awonsa yana cutarwa. Iskar da muke shaƙa ni da ke, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin a cikinta. Wadda take fitowa daga tukunyar iska kusan zallarta ce, ta injin tace iska kuwa takan haura kashi 90. Idan yaro yana shaƙar iskar Allah kawai na'ura ta nuna 99, alhamdu lillahi, huhunsa ne ya kai shi. Amma idan da roba a hancinsa ta nuna 99 ko 100, to na'urar ta kai ƙarshen abin da take iya ƙirgawa. Kamar tulu ne da ya cika ana ci gaba da zuba ruwa: ba za ki san ko kofi ɗaya ya zube ko bokiti goma ba, abin da za ki gani kawai shi ne tulu a cike. Wannan rarar da ba a gani ita ce ke ɓarna.

Inda ta fi ɓarna shi ne ido. A can bayan ido akwai wani siririn tantani wanda shi ke karɓar hoton duk abin da mutum yake gani. Ƴan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sukan fara tsirowa tun ciki yana wajen sati 16, suna yaɗuwa a hankali kamar yaɗon kabewa, ba su kai gefe-gefe sai dab da cikar wata tara. A cikin mahaifa, inda oksijin ba shi da yawa, aka tsara su yi wannan tafiyar. Bakwaini ya fito tafiyar ba ta ƙare ba. Idan aka cika jininsa da oksijin, sai jijiyoyin su tsaya cik, wasu ma su ƙanƙance. Bayan makonni, tantanin ya girma yana neman abinci babu hanya, sai ya shiga tsiro da wasu jijiyoyin barkatai, marasa ƙwari, masu zubar da jini. Su ne suke zama tabo su janyo tantanin su ɓanɓare shi daga mazauninsa. In ya ɓanɓaru gaba ɗaya, gani ya tafi, kuma da wuya ya dawo.

Ba a san wannan da arha ba. A 1942 wani likitan ido a Boston ta Amurka, Theodore Terry, ya fara bayyana wata sabuwar makanta a jikin bakwaini. A lokacin asibitocin ƙasashe masu arziki suna cika kwalbar jarirai, wato akwatin da ake ɗumama bakwaini a ciki, da oksijin, da kyakkyawar niyya, don sun ga yana gyara musu numfashi. Aka yi kusan shekara goma ana laluben dalili. A 1951 wata likitar yara a Melbon ta Ostireliya, Kate Campbell, ta lura cewa jariran da aka fi ba oksijin su suka fi makancewa, sannan gwajin da wani likitan ido, Arnall Patz, ya yi a Washinton ta Amurka ya ƙarfafa maganarta. Kafin a farga, yara kimanin 10,000 sun rasa ganinsu. Ba mugunta ta jawo ba, kulawa ce wadda babu awo a cikinta.

Ba ido kaɗai ba: rarar oksijin tana ƙona huhun da bai nuna ba, ta bar yaro da wahalar numfashi ta watanni. Saboda haka in kika ga na zo na ɗan murɗa iskar ƙasa alhali lamba tana 99, ba rowa nake yi ba, kuma ba don wani yaron nake ajiyewa ba.

In haka ne, me ya hana ku rage sosai ku huta da batun ido?

An gwada, kuma an sha wuya. Bayan an gano illar, asibitoci suka koma matse oksijin a ƙarshen shekarun 1950. Makanta ta ragu ƙwarai, amma mutuwa ta ƙaru, haka ma yaran da suka tashi da shanyewar gaɓoɓi saboda ƙwaƙwalwa ta rasa iska.

A zamaninmu an sake auna abin da kyau. An yi manyan gwaje-gwaje biyar a Amurka, Kanada, Birtaniya, Ostireliya da Niyu Zilan, aka haɗa sakamakonsu a 2018: jarirai 4,965, dukansu haihuwar ƙasa da sati 28. Rabi aka riƙe su a 85 zuwa 89, rabi a 91 zuwa 95. A cikin kowane 100, kusan 20 suka rasu a rukunin ƙasa, 17 a na sama, kuma ruɓewar hanji ta fi yawa a na ƙasan. Ta fuskar ido kuwa abin ya juya: kusan 11 suka buƙaci aiki a rukunin ƙasa, 15 a na sama. Ciwon ido ana iya kama shi a yi magani, rai in ya fita ya fita. Wannan ne ya sa aka zaɓi na saman, tare da sharaɗin a duba idon kowane ɗaya. Hanya ce siririya, rami dama rami hagu, kuma ba a bin ta da ka.

Kakarsa ta ce ita ta reni goma, da ido take gane yaron da iska ba ta isarsa. Ba gaskiya ba ne?

Ina girmama idon iyayenmu, sau da yawa su suke fara cewa "yaron nan yau bai yi mini ba", kuma a duba a tarar da gaskiyarsu. Amma a wannan wurin karin maganar nan ta ido ba mudu ba ne amma ya san kima ba ta aiki. Kafin leɓe da harshe su yi duhun da za a gani, lambar ta riga ta faɗi ƙasa sosai, balle a fatarmu, balle da dare a hasken tocila. Idan yaron yana da ƙarancin jini ma, duhun ba zai fito ba sam. Rarar iska kuwa ba ta da wata alama ko kaɗan. Yaron da ake cutar da idonsa shi ne wanda za ki gani jajur, kwance lafiya lau, kowa yana cewa tubarkalla.

Na ji an ce na'urar ba ta karanta baƙar fata daidai.

Akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020, a kan manya, ya nuna cewa yadda na'urar take nuna lamba mai kyau alhali jini yana cikin ƙarancin iska ya ninka kusan sau uku a baƙaƙen fata. Kuskuren yawanci na maki kaɗan ne, kuma zuwa sama yake yi. Wannan ba dalilin jefar da ita ba ne, don babu abin da ya kama ƙafarta a hannunmu. Dalili ne na kada a bar yaro yana reto a 88 a ce ai ya kusa, kuma a riƙa haɗa lambar da kallon numfashinsa.

Na'urar sai ƙara take yi, gabana sai faɗuwa yake. Me zan yi in ta yi kuka ba kowa kusa?

Ki fara kallon ɗanki kafin allon. Ƙirjinsa yana motsi? Ƴar robar tana cikin hancinsa ko ta zame ta koma kumatu? Majina ta toshe ta? Wuyansa ya lanƙwashe, haɓa ta kwanta a ƙirji? Yawancin kukan da na'ura take yi daga ƙananan abubuwa ne: yaro ya yi miƙa ko yana shure-shure, abin ƙafar ya kwance, ƙafar ta yi sanyi jini ba ya gudana sosai, ko hasken shuɗiyar fitilar da ake kunna wa masu shawara yana dukan na'urar, shi ya sa muke rufe ƙafar da ɗan ƙyalle.

Idan yana numfashi kalarsa ba ta canza ba, ki kira mu, ki jira. Idan kuwa kika ga ƙirji ya tsaya, ki shafa bayansa ko ki ɗan murza tafin ƙafarsa, kina ɗaga murya kina kira. Kada ki jijjiga shi, kada ki ɗaga shi sama, kada ki busa masa a fuska. Kuma kada kunya ta hana ki ihu, a ɗakin nan babu wanda zai ga rashin kunyarki.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne kashe ƙarar ko cire wayar don a samu barci. Ki kuma sani kukan da take yi idan lamba ta haura 95 shi ma kira ne na gaske, ba shagwaɓa ba.

Idan na ga lambar ta sauka, zan iya ƙara iskar da kaina kafin ku zo?

A'a. Ko kin ga yadda muke yi sau ɗari.

Akwai daren da ba na mantawa. Na zagayo wajen asuba na tarar da wata ƴar bakwaini, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ƙwallon awon iskarta ya tashi can sama, allo yana nuna 100. Kakarta tana zaune a gefe da carbi. Na ce, "Inna, wa ya taɓa wannan?" Ta ce, "Ni ce, ƴata. Na ga tana wahala, na ce bari in ƙara mata ta ji daɗi." Ƙauna ce tsantsa, kuma ban iya yi mata faɗa ba, don babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da na rubuta a sama. Da na yi mata bayani sai ta riƙe baki ta ce, "Ashe garin neman gira zan rasa ido." Daga ranar ita ta zama mai gadin lambar, da ta ga 97 za ta aiko a kira ni.

Lita ɗaya a minti ga babban mutum ba komai ba ce. Ga jaririn da duk shaƙarsa ba ta wuce cokali ba, lita ɗaya tana iya zama kusan zallar oksijin yake zuƙa. Shi ya sa muke motsa ta kaɗan-kaɗan, rabin lita ko ƙasa da haka, mu tsaya mu ga abin da lamba za ta yi. Kuma saukar lamba ba kullum ƙarin iska take nema ba. Wani lokaci hanci ne ke son a share, wani lokaci sanyi ne ya kama shi, ko sukarin jininsa ya faɗi, ko wata cuta ce take sallama. Idan aka rufe ta da iska, an ɓoye saƙon.

Zan faɗi gaskiya, mu ma'aikata ma ba mu tsira daga wannan ba. In dare ya yi, gadaje sun cika, hannu ya yi kaɗan, akwai jarabar a bar kowa a 99 don ɗaki ya yi shiru. Na taɓa yi a farkon aikina, kafin in fahimta, kuma har yau abin yana ci mini rai. Don haka idan kika ga lambar ɗanki ta daɗe a sama, ki yi magana ko da Madam ɗin ta girme ki.

Lambar takan faɗi har 70 ta sake hawa da kanta. Me ke faruwa?

Wurin da ke ba da umarnin numfashi a ƙwaƙwalwar bakwaini bai gama nuna ba, sai ya riƙa mantawa. Ɗan tsayawa na daƙiƙa biyar ko goma ya ci gaba, wannan al'adarsu ce. Wanda ya kai daƙiƙa 20, ko ya zo da faɗuwar lamba da raguwar bugun zuciya, shi muke kira ɗaukewar numfashi, kuma muna rubuta kowane ɗaya. Maganinsa kafeyin, sinadarin nan da ke cikin gahawa da goro, amma wanda aka tace aka auna da nauyin yaro. Inda babu shi akan ba da aminofilin. Kada wani ya ji haka ya jiƙa goro ko shayi ya ɗura masa. Yawancinsu suna daina wannan mantuwar idan suka kusa lokacin da ya kamata a haife su.

An sa wa ɗana iska. Mutane suna cewa wanda aka sa wa iska ya gama.

Wannan maganar ta samo asali ne daga lokacin da tukunyar iska ɗaya ce a asibiti, ba a jawo ta sai ga wanda ya kai gargara. Mutane suka ga ana sawa ana rasuwa, suka ɗora wa iskar laifi. Huhun bakwaini yana da ƙarancin wani maiƙo mai santsi da ke hana ƴan jakunkunan iska manne wa juna, shi ya sa kike jin yana nishi, haƙarƙarinsa yana lotsawa. Iskar tana riƙe shi ne kafin huhun ya fara yin maiƙon da kansa. Wasu ana haɗa musu da sipap, robar nan da kike ganin ƙarshenta a cikin gorar ruwa yana ɓulɓula, wadda ke tura iska da ɗan ƙarfi don huhu ya zauna a buɗe. Rai na Allah ne, ba duka suke tashi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ina haɗuwa da waɗanda na sa wa robar nan da hannuna a Kasuwar Dole, riƙe da zanen uwarsu, wasu har sun shiga lakwal.

Ba zai saba da ita ya kasa numfashi in an cire ba?

Ba a sabo da oksijin. Huhu in ya yi ƙwari, lambar da kanta za ta riƙa hawa tana gaya mana a rage.

Na'ura ɗaya ce, jarirai da yawa. Kuma in kuran ya ɗauke fa?

Abin da ya dace shi ne duk bakwainin da ke kan iska ya kasance da tasa na'urar dare da rana. Inda ba su isa ba, mafi ƙanƙanta da mafi jigata ake bar wa, sauran a riƙa zagayawa ana auna su ana rubutawa, kuma a sake aunawa duk lokacin da aka taɓa iskar. Ki san lokacin da aka auna naki na ƙarshe da abin da ya nuna. Uwar da ta san wannan ta fi mana amfani fiye da yadda take zato.

Injin tace iska da wuta yake aiki. Kuran na ɗaukewa zai yi ƙara ya tsaya, kuma a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, kowa a garin nan ya san yadda abin yake. Kafin gurup, wato janareta, ya tashi, sai a maida yaro kan tukunya. Tun ranar farko ki tambaya ina tukunyar ajiya take, don in ta faru da dare ki san abin da za ki nuna. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar injin, ya riƙa hurawa alhali oksijin ɗin ya ragu. Idan jarirai biyu da ke kan inji ɗaya suka sauka tare, injin muke fara tuhuma.

Wuta ko kaɗan ba ta zuwa kusa da oksijin: ba ashana, ba kasko, ba turaren wuta. Man shafawa ma kada a sa a hancin da ke da roba.

Zan iya ɗaukarsa alhali yana da roba da waya a jikinsa?

Ƙwarai, muna ma so. A kwantar da shi tsirara sai ɗan kamfai da hula a tsakanin nononki, fata da fata, a ɗaure da zane, goyo ne amma ta gaba. A Bogota ta Kolombiya aka fara wannan a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Gwajin da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, wanda ya fito a 2021, ya nuna fara shi nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Zafin jikinsa yakan zauna tsakanin digiri 36.5 da 37.5 da ake so, kuma sau da yawa ina ganin lambar da ke ta hawa da sauka ta natsu a ƙirjin uwa. A nan ne ma takan haura 95, sai a rage iskar. Mu za mu taimaka a ɗora shi don kada robar ta fita. In kin shiga wanka, baban ko kakar su karɓa.

Ranar suna ta zo yana asibiti. Yaya za mu yi da aski da sauran al'ada?

Malam, a raɗa suna a gida, a yanka rago, a yi addu'a. Sunan zai same shi inda yake. Aski ya jira, kan bakwaini ta nan zafin jikinsa ya fi fita. Cire beli kuwa kada a yi, ko yanzu ko bayan sallama: jini da ƙwayar cuta yake jawowa, kuma ba ya gyara numfashi. Kada a ɗura masa rubutu, ruwa, zuma ko jiƙo. Yaron da ke kokawa da numfashi abu kaɗan ne zai sarƙe shi ya wuce huhu. Ku tsaya kusa da shi ku yi masa addu'a iya son ranku, babu mai hana ku. Lalle a ƙafa ko hannu yana iya rikita karatun na'urar, kuma a wasu jarirai yana farfasa jini ya kawo shawara mai tsanani. Kwalli ma a ɗaga masa, ba ya ƙara gani, kuma wani yana da dalma a ciki.

Yaushe za a cire iskar gaba ɗaya?

Idan an yi ta ragewa har ta kai ƙarshe yana riƙe lambarsa, sai a cire a bar na'urar a ƙafarsa. Ana son a gan shi a 90 ko sama da iskar ɗaki, yana farke, yana barci, yana shan nono, domin a barci da wajen tsotso ne mai rauni yake tonuwa. Idan aka mayar masa bayan an cire, kada ranki ya ɓaci, yakan faru, sai a sake gwadawa.

An sallame mu, idonsa garau, yana bin haske. Dole ne gwajin idon?

Dole ne. Ciwon a bayan ido yake, ba ya ja, ba ya kwantsa, ba ya hawaye. Ranar da za ki ga wani fari a tsakiyar ƙwayar idon, lokaci ya riga ya ƙure. Dubawar farko wajen sati huɗu da haihuwa ake yi, wato kafin ki gama wankan jego, kuma ya shafi duk wanda aka haifa da wuri sosai, ko nauyinsa bai kai kilo 2 ba, ko ya daɗe a kan iska. Likitan ido zai ɗiga magani ƙwayar ta buɗe, ya leƙa da fitila ta musamman. Sau ɗaya ba ya isa, akan maimaita bayan sati ɗaya ko biyu har jijiyoyin su gama tafiyarsu. Da yawa ciwon yakan koma da kansa. Wanda ya kai matakin aiki kuwa ba ya jira, cikin kwana biyu zuwa uku ake so a yi, da hasken leza ko da allura a cikin idon.

Kafin ku bar asibiti ki sa a rubuta miki a karne, wato katin asibitin yaron: sati nawa aka haife shi, nauyinsa, kwana nawa ya yi a kan iska, da ranar da wurin gwajin, ko nan Damagaram ne ko tura ku za a yi. Na san al'ada ba ta son mai jego ta fita kafin arba'in. Wannan fitar a yi ta.

Mu a ƙauye muke, can wajen Tanut. In aka haifi bakwaini yaya za mu kawo shi?

Ko daga Tanut ne, ko Gure, Magarya, Matamai ko Mirya, abin da ya fi kashe su a hanya sanyi ne, kuma yaron da ya yi sanyi ya fi cin oksijin. A fara kai shi asibitin da ya fi kusa su duba su rubuta takardar turawa. A ɗaure shi a ƙirjin uwa ko na wata, fata da fata, da hula, a rufa su tare, fuskarsa a buɗe ana ganinta. In motar asibiti tana da tukunyar iska da na'urar awo, a auna a hanya kamar yadda ake yi a ɗaki. Kada a tsaya haɗa kuɗi har kwana ya juya. Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake akan rubuta ordinans, wato takardar magani, a saya idan wani magani ya yanke. Mafi alheri ma, idan naƙuda ta taso ciki bai kai sati 34 ba, a kawo uwar tun bai fito ba. Akwai allurar desametazon da ake yi mata wadda ke gaggauta nunar huhunsa.

Na ga ana sayar da ƴar na'urar yatsa a farmasi. In saya in riƙa auna shi a gida?

Wadda ake matsawa a yatsa ta manya ce. Yatsan jariri ya yi mata ƙanƙanta, haske yana zagayewa, sai ta ba ki lambar ƙarya, ko ta tayar miki da hankali a banza ko ta kwantar miki da shi alhali akwai matsala. A gida ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru. Idan ya wuce 60, ko yana nishi, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko numfashin yana ɗaukewa, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko leɓensa ya yi duhu, ku taho a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Sannan batun gawayi. A sanyin Disamba da Janairu an saba shigar da kaskon wuta ɗakin mai jego a rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba marar wari wadda ke kama mazaunin oksijin a cikin jini, kuma na'urar awo ba ta bambanta ta da oksijin, za ta iya nuna 98 yaro yana shaƙewa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon waje kafin a shigo da shi, a bar taga a ɗan buɗe, sauran ɗumin ya samu a ƙirjinki.